Farar Tunkiyar Gidan Ladan

A gidanmu na Wurma akwai wadda ta fi kowa gata, kuma ba mutum ba ce. Tunkiya ce, fara fat, babu ko ɗigon baƙi a jikinta. Ba a dukanta, ba a ɗaure ta, ba a sayar da ita, balle a yi zancen wuƙa. In ta sa baki a shanyar geron maƙwabta, sai dai matar gidan ta tsaya daga nesa tana tafa hannu tana lallashi: "Haba ke kuwa, yi haƙuri ki ɗan matsa." Ni da na taɓa jifanta da ɓawon rake ina yaro, har yau in na tuna bulalar da na sha sai na gyara zama.

Tunkiyar ba tamu ba ce, ajiya ce. Ta Mutuniyar ce. Haka ake cewa a gidan, ba a kama sunanta. Mutuniyar iska ce daga cikin mutanen ɓoye, an ce tana son nono da fararen kaya. Kakarmu, wadda ta haifi Baba, ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wani ma ko ranar suna ba ya kaiwa. Sai wata tsohuwa ta ce mata ta nemi farar tunkiya ta ajiye wa Mutuniyar, in ta tsufa ɗiyarta mace ta gaje ta, kada a bari igiyar ta katse. Kaka ta yi hakan. Aka haifi Baba ya rayu, aka haifi ƙanwarsa, Gwaggonmu, ita ma ta rayu. Tun daga nan gidan bai ƙara rabuwa da farar tunkiya ba, uwa ta bar wa ɗiya, har Kaka ta rasu abin ya dawo hannun Baba.

To shi kuwa Baba, shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Ka ji inda maganar take. Sai ya dawo daga asuba da carbi a hannu yana salati, ya wuce kai tsaye ya zuba wa tunkiyar iska dusa. Bai taɓa roƙonta komai ba, ban taɓa ganin ya durƙusa mata ba. In wani ya yi masa maganar sai ya ce, "Abin tsohuwa ne, tararwa na yi," ya kama hirar damina.

An zauna lafiya har sai da Yaya, babban wanmu, ya je karatu birni ya dawo. Ya dawo da gemu, wandonsa ya haura idon sawu, kuma duk abin da muke yi a gidan tun kakanni sai ga shi yana da suna a Larabce, sunan kuma ba mai daɗi ba. Ya tsinke layun wuyan jarirai. Ya hana gumbar sadaka. Ba na ce duk abin da ya faɗa ƙarya ne ba, mutum ne mai tsoron Allah, sai dai yana da irin muryar nan da ko ruwa ya ce ka sha sai ka ji ƙishirwar ta tafi. Duk ya ci nasara, ban da a kan tunkiya. Ranar da ya fara yi wa Baba wa'azinta a tsakar gida, yana cikin jawo hujjoji ta zagayo ta bayansa ta cinye rabin takardun da ya ajiye a kan tabarma. Gwaggo ta ce gargaɗi ne. Yaya ya ce yunwa ce. Ni na koma bayan rumbu na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Shekarar da ɓarayin daji suka kwashe dabbobin unguwarmu, sun tafi da awakinmu da ɗan bijimin noma, suka bar tunkiyar tsaye a tsakar gida tana tuƙa. Gwaggo ta zo takanas daga Tamawa, inda take aure, don ta ce mana, "Kun dai gani da idonku." Yaya ya ce ko ɓarawo ya san abin da ba zai sayu ba. Kowa ya tashi da hujjarsa ta ƙara ƙarfi.

Rigimar gaske ta taso ne da wannan ta ƙarshen ta tsufa. Duk haihuwarta raguna ta yi ta zubawa, ko mace ɗaya babu. Haƙoranta suka zube, bayanta ya lotsa. Gwaggo ta ce dole a sayo wata fara tun wannan tana da rai, Baba ya kama kunnenta ya faɗa mata cewa ita ta Mutuniyar ce, kamar yadda Kaka ta yi. Yaya ya ce ranar da sabuwar tunkiya ta shigo ta ƙofar nan, ranar zai fita da iyalinsa ta ita. Da can Baba yana da mafaka, tararwa ya yi. Yanzu kuwa ko dai ya ƙulla da hannunsa, ko ya tsinke da hannunsa.

Ni lokacin ina koyarwa a wata makaranta a Dutsin-Ma, ina leƙo gida a kan babur ƙarshen mako. Wata Asabar da hantsi Baba ya kira ni zaure, ya ce in saki labulen. Ya zauna yana jan carbi.

"Kai kana cikin masu karatu," ya ce. "Ina so ka tambayo mani wata magana."

"Ta tunkiya, Baba?"

"Bar ta tunkiya. In abin nan shirka ne kamar yadda wanka ke faɗi, to uwata fa? A kansa ta mutu. Kullum in na sallame salla ita nake fara roƙa wa gafara. Wanka ya ce wanda ya mutu a kan shirka ba a roƙa mashi. To ni mi nake yi shekara da shekaru? Ina take?"

Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. Dariyar da na shigo da ita ta maƙale. Na ce masa in Allah ya yarda zan tambayo.

Na fara da malamin su Yaya, wani matashi mai farin gilashi da ke karantarwa a wani masallaci a Dutsin-Ma. Na jira aka watse, na matsa na ce wani abokina ne ke da matsala a gidansu.

"Abokin naka," in ji shi, "ba shi ne ƙanen ɗalibina na Wurma ba?"

Ashe Yaya ya riga ya kai tunkiyarmu gaban kowa, har an yi darasi a kanta. Na ce shi ne. Ya ce maganar tunkiya ba ta da wahala, shirka ce tsagwaronta, a rabu da ita tun yau. Na ce to tsohuwar da ta ajiye ta fa? Nan ya cire gilashin ya goge. Ya tambaye ni ko hujja ta iso mata kafin ta rasu. Na ce, "Malam, abin da na san ya iso mata Fatiha ce da gajerun surori, sai kuma gawarwakin 'ya'yanta." Ya mayar da gilashin. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wanda bai sani ba, wasu sun ce ana yi masa uzuri, wasu sun ce a irin wannan ba a yi, kuma a ƙarshe al'amarinta na wurin Allah. Ya lissafo mani littattafan da zan duba. Na gode masa, don bai yi mani ƙarya ba. Amma na shiga da tambaya ɗaya na fito da cikin buhu.

Daga nan sai Kurfi, wurin wani tsohon malamin zaure da ya san gidanmu tun Baba yana yaro. Na same shi cikin alluna da ƙoƙunan tawada, yana yi wa wata mata rubutun sha. Da na gama bayani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaran nan na yanzu! Aljanu ba halittar Allah ba ne? Maƙwabtanmu ne. In ka ba maƙwabcinka kyauta don ya bar maka 'ya'ya su wuce ta ƙofarsa lafiya, bauta masa ka yi?"

Na ce to Kaka fa?

"'Yar Aljanna ce. Ni na san ta. Muna yara muna karatu, babu ranar da ba ta aiko mana da fura ba."

Zuciyata ta yi sanyi. Sai kuma ya ce amma don a toshe kowace kafa, zai rubuta laya a rataya wa sabuwar tunkiyar a wuya, in ma Mutuniyar ba ta salla to za ta musulunta. In kawo farin zakara a fara aiki. Sauran zaman kuwa ya ƙare ne a kan malaman gilashi, ya wanke su tas, har da waɗanda ba su yi masa komai ba. Ina tafe a kan babur ina ta juya maganar. Ina son ta zama gaskiya, amma ko ni da nake koyar da yara lissafi na san fura ba hujja ba ce.

Ban yi niyyar zuwa wuri na uku ba, Gwaggo ce ta ji labarin yawona ta aiko cewa tunda na ji ta bakin maza, in zo in ji ta bakin masu abin. Ta kai ni gidan wata tsohuwa a Tamawa da iskoki ke hawa kanta, wadda mata ke zuwa wurinta neman magani. Na ɗauka zan tarar da ɗaki mai duhu da ƙahonni. Sai na tarar da Hajiya ce, da haƙorin Makka, a kan darduma, aka ce in jira ta idar da walaha. Ta shafa addu'a ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya ce maku Mutuniyar arniya ce? Ta fi wan nan naka salla. Da azumi ko motsinta ba ka ji."

Na ce ni maganar kakata ta kawo ni.

"Tana nan lafiya lau. Na gan ta a mafarki cikin fararen kaya." Ta gyara lulluɓi. "Amma ka faɗa wa ubanka, alkawari aka yi. In ya bari igiyar ta katse, ba shi za a taɓa ba, ya tsufa. Jikoki za a bi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, wace irin mai salla ce za ta kashe yara a kan tunkiya?" Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Hajiya ko a jikinta, ta ce ita dai ta faɗa. Na fito ina huci, ina cewa a raina ai wannan tsoratarwa ce kawai ta masu neman abinci. Ban kai kwalta ba na tsayar da babur a gefen hanya, na kira matata a waya ina tambayar ko tarin da 'yarmu ta kwana da shi ya lafa. Ta ce ya lafa tun safe. Na ce ta dai ƙara dubawa.

Na kai wa Baba rahoto yana zaune yana asuwaki. Bai katse ni ba har na gama.

"Wato," ya ce, "ɗaya bai sani ba. Ɗaya ya sha fura. Ɗaya ta yi mafarki."

"Haka ne, Baba."

"Man babur ɗinka ya tafi a banza." Ya tofar. "Kai fa? Mi ka gani?"

Na ce, "Baba, ni dai tsoro nake ji. In na tuna maganar Yaya in ji tsoron Allah, in na tuna maganar Hajiyar can in ji tsoron abin da zai sami yara. Kuma ina jin kunyar na biyun." Ya kaɗa kai. Ya ce to yanzu na san inda yake kwana tun kafin a haife ni.

Juma'ar da ta biyo baya na zo gida da iyalina, don Baba ya aiko cewa kowa ya zo da 'ya'yansa. Da hantsi sai ga Gwaggo a bayan ɗan acaɓa, rungume da 'yar tunkiya fara kamar mai rungume da jariri. Ba ta jira kowa ba, ta je kasuwa ta zaɓo abarta. Yaya ya tare ƙofar zaure da hannu biyu.

"Gwaggo, ke ki shiga, ita ba za ta shiga ba."

"Kai, ni na wanke maka kashi. Matsa."

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah."

"Shi ya ba ni tsoron 'ya'yanka, tunda kai ba ka da shi!"

Ɗan acaɓa ya kashe mashin ya gyara zama. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Ana cikin haka muka ji ƙarar wasa wuƙa a kan dutse daga cikin gida. Duk muka shiga, har da 'yar tunkiyar, don Yaya ya manta da ƙofar.

Baba ne tsugune yana wasa wuƙarsa ta layya. Ya gwada ta a farce, sannan ya miƙe.

"Tsohuwa ba ta san Larabci ba," ya ce. "Abin da ta sani, ɗiyanta na mutuwa. Ni ne na ji abin da ba ta ji ba, don haka ni za a tambaya, ba ita ba. Ba zan kama kunnen wata tunkiya ba. Waccan kuma zan yanka ta da sunan Allah, sadaka ga uwata. In dama ta Allah ce, na maida mashi abarsa. In kuwa ta Mutuniyar ce, to ta je wurinsa ta karɓa."

Gwaggo ta saki salati ta ɗora hannu a ka. Yaya ya buɗe baki: "Amma Baba, dangane da hukuncin..."

"Kamo mani ita," in ji Baba.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Dabbar da tunda aka haife ta ba a taɓa kama ta ba, ina za ta yarda? Tsohuwar da muke cewa ta kusa mutuwa sai ga ta tana tsallake turmi. Ta zagaya rumbu da mu, ta kifar da tukunyar miya, ta shige tsakanin ƙafafun Yaya ya zauna daɓas cikin toka. Yara na ihu suna murna, Gwaggo na cewa, "Kun gani ko? Kun gani ko?" Sai da ɗan acaɓa ya shigo ya taimaka, shi ma yana kamawa yana neman tsari.

Aka kwantar da ita bayan rumbu. Ni na riƙe ƙafafun baya, Yaya na gaba. Baba ya shafa wuyanta, ya daɗe yana shafawa. Ya yi bismilla da kabbara da irin muryar da yake kiran salla. Na kau da kai.

Rabon naman shi ma wani wasan ne. Gidaje da yawa suka ce sun gode, sun ƙoshi, a unguwar da nama sai salla-salla. Na kai wa wani abokin Yaya, ɗan masallacinsu, wanda ya fi kowa zafi a kan tunkiyar nan. Ya karɓa yana ta jinjina wa Baba, ina juya baya na ga ya miƙa wa wani mai wucewa ledar gaba ɗaya. Da na faɗa wa Yaya, dole ya sa aka soya masa tsoka ya zauna a tsakar gida yana ci kowa na gani. Naman ya yi tauri kamar igiyar guga, amma haka ya yi ta tauna yana cewa babu abin da zai faru. Yana faɗa yana riƙe da ɗan autansa a kafaɗa, kuma yinin ranar bai sauke shi ba ko da uwar yaron ta ce ya kawo ta ba shi nono.

Gwaggo ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta sake hawa acaɓa da 'yar tunkiyarta ta koma Tamawa. Ta ce ta kiwo ce kawai, kamar ta kowa. Na dai ji daga baya cewa a gidan nata ba a yarda yaro ya jefe ta.

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya tara jikokinsa duka a zaure, ya hana kowa fita wasa. Ya ce rana ta yi zafi, alhali hadari ne a garin. Sai ya kira wannan ya taɓa masa goshi da bayan hannu, ya kira waccan ya ce ta buɗe baki. 'Yata ta yi atishawa, muka miƙe tsaye mu uku, ni da shi da Yaya, sannan kowa ya koma ya zauna bai dubi ɗan'uwansa ba.

Can wajen la'asar sakaliya na nemi Baba a zaure ban gan shi ba. Na zagaya bayan rumbu. Yana tsugune inda aka yi yankan, yana jawo ƙasa da tafin hannu yana rufe jinin, yana magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya. Na ji motsi a bayana, Yaya ne da yaronsa a kafaɗa, shi ma ya tsaya.

"Inna, ki yi haƙuri," Baba ke cewa. "Ke kin yi don in rayu. Na rayu, Inna, ga ni har da furfura. Ni ma na yi iyakar abin da na sani."

Ya kakkaɓe hannuwansa ya ɗaga su sama. Ya san muna nan, don ya ga inuwarmu, amma bai rage murya ba.

"Ya Allah, ka gafarta wa uwata. Ba ta da kowa sai kai, ni ma haka."

Baba bai sauke hannuwansa ba, bai kuma waiwayo ba. Na san wanda yake jira.

Yaya ya gyara wa yaronsa kwanciya a kafaɗa, ya ɗaga hannun da ya rage masa.

"Amin, Baba," ya ce. "Amin."